Bayani Bisa Mutuwar Rauni A Nijeriya, Da Rashin Mai Ƙidaya Ta

 Ku sani abin da muke nufin magana a kansa yau shi ne mutuwar da ba ta biyo ta hanyar jinya ba, watau ta mutumin da ya fita gidansa da ƙafarsa lafiya lau aka komo da shi a makara, ko mota ta buge shi, ko ruwa ya ci shi, ko wuta ta ƙone shi, ko gini ya rufta masa, ko makami ya same shi daga hannun ɗan'uwansa. Likitoci sun tara waɗannan duka a babi guda, suna ce musu mutuwar rauni. Mu kuwa mun saba ɗaukarsu ɗai ɗai, kowace ta zo mu yi salati, mu yi zaman makoki, mu watse, kamar ba ta da dangi. Alhali in an jera su wuri guda an duba, sai a ga suna da tsari yadda damina da rani suke da tsari, har a iya sanin wa suka fi ɗauka, da inda suke ɗaukarsa, da lokacin. Ƙasarmu kuwa har yanzu ba ta jera su ba.

Bari mu fara da lissafin duniya, don ya zama mudun da za mu auna namu da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya, a bayanin da ta fitar a 2021, ta ce mutum miliyan 4 da dubu 400 ne rauni ke kashewa kowace shekara, kusan 8 ke nan cikin kowane mamaci 100. In an raba su rabon gado, kusan sulusi na haɗarin hanya ne, sudusi na waɗanda suka kashe kansu, ushiri na waɗanda wani ya kashe. Yaƙi, wanda shi ya fi cika kunne, rabonsa bai wuce ɗaya cikin 61 ba. Maza sun ninka mata sau biyu. Tsakanin shekara 5 da haihuwa zuwa 29 kuwa, babu wata cuta a duniya da ta kai hanya kisa. Ku lura da shekarun nan, ya ku malamai, gama su ne shekarun waɗanda ke zaune gabanku da allo da littafi.

To, mu a nan fa? Akwai ƙidaya biyu, kuma ba su san juna ba. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ita ke fitar da adadin waɗanda hanya ta kashe kowace shekara. Ta ce 5,053 a 2016, ta ce 5,081 a 2023, ta ce 5,421 a 2024. Amma Hukumar Lafiya ta Duniya, da ta yi nata ƙiyasin na shekarar 2016 ɗin nan, sai ta ce kusan 40,000. Ba mu ce ɗaya ta yi ƙarya ba. Ta farko tana rubuta gawar da ma'aikatanta suka gani da ido ko aka kawo musu labarinta. Wanda babur ya kayar a hanyar ƙauye ba ya shiga. Wanda danginsa suka ɗauke nan take aka binne shi kafin la'asar ba ya shiga. Wanda ya kwana tara a asibiti ko a gidan maɗori sa'an nan ya cika, shi ma da wuya ya shiga. Ta biyun kuwa ƙiyasi ne na masu hisabi, sun dubi yawan jama'a da yawan motoci da halin ƙasashe masu kama da mu, suka fitar da adadi. Tsakanin 5,000 da 40,000 akwai mutanen gari guda cur, kuma ba wanda zai iya buɗe littafi ya nuna sunayensu.

Don ku ga girman abin, ga wani awo. Hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa daga 2009 zuwa ƙarshen 2020, waɗanda aka kashe da makami kai tsaye a fitinar Boko Haram a Barno da Yobe da Adamawa sun kai 35,000, banda ninkin-ba-ninkinsu da yunwa da cuta suka kashe a sanadin fitinar. In ƙiyasin hanya ya yi daidai, to abin da bindiga da bom suka ci a can cikin shekara 11, kwalta tana cinye kwatankwacinsa a shekara guda. Ba mu faɗi haka don mu raina jinin da aka zubar a gabas ba, ko wanda 'yan bindiga ke zubarwa a Zamfara da Katsina da Sakkwato, wannan babi ne mai zaman kansa. Mun faɗa ne don yaƙi yana da masu ƙidaya masa, hanya kuwa ba ta da su yadda ya kamata.

Doka dai akwai ta. Tun 1992 aka wajabta rubuta haihuwa da mutuwa, aka ɗora aikin bisa Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa. Amma masu binciken da suka duba al'amarin sun sami cewa a 2017 mutuwar da aka rubuta ba ta wuce kamar ɗaya cikin 10 ba. Galibi mutum ba ya neman takardar mutuwa sai in akwai kuɗi a banki ko fansho da za a karɓa.

Duk da ƙarancin rubutun, abin da aka samu ya isa a ga kamannin abin. A hanya, maza ne matasa da magidanta suka fi tafiya, masu fita neman abinci: direba da yaron mota, ɗan acaɓa da wanda ya goya, ɗan talla a bakin titi, da samarin da ke hawa saman tirela bisa buhunan albasa ko tsakanin shanu don su isa kudu da araha. Tirela ɗaya in ta faɗi da irin wannan lodi sai ka ji ƙauye guda ya yi jana'iza goma rana ɗaya. Hukumar Kiyaye Haɗurra, shekara da shekaru, gudu take sawa a kan gaba cikin sabuban da take lissafawa. Ga hisabin abin kuwa, ga almajirin da ke son hisabi: ƙarfin bugun mota ba ya ƙaruwa daidai da gudunta, yana ƙaruwa ne da gudun an buga shi a kansa. In ka ninka gudu sau biyu, bugu ya ninku sau huɗu. Saboda haka ne mai tafiya ƙasa da mota ta buge tana gudun kilomita 65 ya fi wanda ta buge tana gudun 50 kusa da mutuwa har sau huɗu da rabi, alhali direban da ke ciki da ƙyar zai ji bambancin gudun biyu.

Amma a ce gudu a yi shiru, an bar magana a rabi. Me ke sa direba gudu? Mai mota ya yanka masa balas ɗin da zai kawo kowace rana, ko kasuwa ta yi ko ba ta yi ba, sai ya zama sawu uku ne abincin gidansa, sawu biyu bashi. Don ya yi sawu uku sai ya rage barci, don ya rage barci sai ya nemi ƙwaya. Tayar da ke ƙarƙashinsa ta gama aikinta a wata ƙasa kafin ta iso gwanjo. Hanyar da yake bi ta ratsa tsakiyar kasuwa, ba gada, ba shinge. An wajabta ɗaura bel a 2003, an wajabta hular kwano ga masu babur a 2009, an wajabta na'urar taƙaita gudu ga motocin haya a 2017. Kowa ya tsaya bakin tasha sa'a guda zai ga iyakar inda dokokin nan uku suka tsaya.

Sa'an nan wuta. Mafi yawan man da arewa ke sha a bayan tanka yake zuwa daga kudu, tafiyar kilomita 1,000 ko fiye, tun da bututun da aka shimfiɗa don wannan aiki sun daɗe ba su ɗaukar nauyinsa. Tanka kuwa in ta faɗi, faɗuwar ba ta cika kashe kowa ba sai direba da yaronsa. Abin da ke biyo baya shi ne musibar. A daren 15 ga Oktoba 2024 wata tanka ta kife a Majiya, cikin ƙasar Taura ta Jihar Jigawa, mai ya malala cikin kwata, mutane suka fito da bokiti da jarka, wuta ta tashi. Da safe aka ce mutum 90 da ɗoriya, bayan mako guda adadin ya haura 180, gama masu ƙuna suna ta cikawa a asibitoci ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe: wata uku bayan haka, ran 18 ga Janairu 2025, irinta ta auku a mararrabar Dikko ta Jihar Neja, kusan mutum 100 suka halaka. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta ce cikin mamatanta na 2024, mutum 411 wajen kwasar mai suka mutu. Tsofaffi kuma ba su manta da Jesse ba, a Jihar Delta, inda bututu ya fashe a Oktoba 1998 wuta ta ci fiye da mutum 1,000 a kan wannan kwasar dai.

A nan akwai ilmin da ya kamata kowane yaro ya sani. Abin da ke kamawa da wuta tururin fetur ne, ba sai harshen wuta ya taɓa ruwan man ba. Tururin nan ya fi iska nauyi, yana kwanciya ƙasa, yana bin kwata da gangare, yana tafiya nesa da inda ido ke ganin jiƙa. Bokitin ƙarfe ya gogi kwalta, ko a tayar da janareta, ko a kunna babur, shi ke nan. Wanda ya tsaya kallo daga gefe yana cikin tururin bai sani ba. Masu cewa talauci ne ya kai mutane sun faɗi gaskiya, gama litar da ake saye ƙasa da naira 200 kafin a janye tallafi a Mayun 2023 ta haura naira 1,000 a lokacin Majiya. Amma talauci bai hana a sami masu tare hanya da igiya da sanda su kori jama'a ba, kuma mai unguwa da liman sun fi ɗan sanda kusa da wurin a sa'ar farko.

A ruwa tsarin ya juya. In hanya maza take ci, kogi mata da yara yake ci, don su ne ba su iya iyo ba, su ne kuma ke zaune a tsakiyar jirgi da goyo da kaya. Ran 26 ga Mayu 2021 jirgin katako ya tsage a Kogin Kwara kusa da Warra ta Jihar Kebbi, ɗauke da mutum fiye da 150, waɗanda aka ceto da rai kamar 20 ne. Ran 30 ga Nuwamba na shekarar nan, kwalekwale ya nutse a madatsar ruwan Watari ta Bagwai a Jihar Kano, aƙalla mutum 29 suka rasu, mafi yawansu ɗaliban Islamiyya ne ƙanana za su Mauludi. A Yunin 2023, a ƙasar Patigi ta Jihar Kwara, 'yan biki fiye da 100 suka tafi da dare. Ran 1 ga Oktoba 2024, a ƙasar Mokwa, jirgi mai ɗauke da kusan mutum 300 'yan Mauludi ya kife, shi ma da dare. Ku jera su ku gani: ranar taro ce kullum, kasuwa ko biki ko Mauludi, ranar da mutanen da ke son ƙetarewa suka fi jiragen da ke akwai yawa, mai fito kuma ba ya son ya bar kuɗi a gaɓa. Uku cikin huɗun nan da yamma ne ko da dare. Ba rigar ruwa. A tafkin Kainji kuma, tun da aka datse kogin a 1968, kututturan itatuwan da ruwa ya shanye suna nan a ƙasa suna jiran cikin jirgi. Hukumar hanyoyin ruwa ta hana tafiyar dare da lodin wuce kima, amma mashigai sun fi ma'aikatanta yawa. Wanda ke nan kullum shi ne sarkin ruwa, da malamin da ya tara yaran ya ce su shiga. Malamin da zai kai almajirai 40 ƙetare, raba su sawu uku ya fi masa sauƙi bisa tsayawa gaban iyayensu.

Akwai kuma ƙananan da ba su kai bakin jarida, in an tara su kuwa ba ƙanana ba ne: yaro a rijiya marar murfi, yaro a kududdufin da aka haƙa don ƙasar gini, katangar ƙasa da ta sha ruwan Agusta ta faɗa wa masu barci, kaskon garwashi a ɗaki rufe da hunturu. Wani lokaci sukan taru su yi ƙara, kamar gobarar da ta kashe almajirai 17 a makarantarsu a Ƙauran Namoda a Fabrairun 2025, ko benen makarantar da ya rufta a Jos a Yulin 2024 ya kashe mutum 22, ko turmutsutsun rabon abinci a Badun da Okija da Abuja a Disambar 2024, inda fiye da mutum 60 suka mutu cikin mako guda, da yawansu yara.

Yanzu ga mas'alar da muka fi so ku tsaya a kanta. Rauni ba ya kashe dukan mutanensa lokaci guda. Wani likitan fiɗa na Amurka, Donald Trunkey, ya bayyana a 1983 cewa mutuwar rauni hawa uku ce. Kamar rabi suna mutuwa nan take ko cikin mintoci, don ƙwaƙwalwa ko zuciya ko babbar jijiya ta fashe, waɗannan ba abin da zai cece su sai hana haɗarin tun farko. Kamar 30 cikin 100 suna mutuwa cikin sa'o'in farko, galibi don jini yana zuba, ko a waje ko a ciki daga saifa da hanta da ƙashin ƙugu, ko don numfashi ya toshe. Sauran suna mutuwa bayan kwanaki ko makonni, in rauni ya ruɓe ko gaɓoɓin ciki suka gaza. Hawa na biyun nan shi ne wanda hannun mutum ke iya kaiwa.

An gwada wannan da ƙidaya. A 1998 likita Charles Mock da abokan aikinsa suka fitar da binciken da suka yi a birane uku bisa manya masu mummunan rauni. Cikin kowane 100, a Siyatil ta Amurka 35 suka mutu, a Monterrey ta Meziko 55, a Kumasi ta Gana 63. Da suka duba inda aka mutu, sai suka ga waɗanda suka cika kafin a kai su asibiti 21 ne a Siyatil, 40 a Monterrey, 51 a Kumasi. Watau mafi yawan bambancin yana tsakanin bakin hanya da ƙofar asibiti. Mun kawo Kumasi don halinta ya yi kama da namu: mai rauni ba motar asibiti ke ɗaukarsa ba, direban haya ne da masu wucewa. Da suka gane haka a Gana, sai suka tara direbobin haya ɗaruruwa suka koya musu taimakon farko, tun da su ne ke fara isa.

Abin da ake koyarwar bai fi ƙarfin almajiri ba. Inda jini ke zuba, a danna da tsumma mai tsabta da ƙarfi, kada a ɗaga don a leƙa. Wanda ya suma yana numfashi, a kwantar da shi bisa gefensa don kada harshe ko amai ya toshe masa maƙogwaro, kada kuma a ɗura masa ruwa a baki, abin da jama'armu ke gaggawar yi da kyakkyawar niyya. Wanda ake zaton wuyansa ko bayansa ya taɓu, a ɗauke shi a miƙe bisa katako ko ƙyaure, mutum guda na riƙe da kai, gama naɗe shi a cusa bayan mota yana iya tsinke lakar da haɗarin bai tsinke ba. Ƙuna kuwa ruwa mai sanyi mai tsabta take so, a yi ta zubawa kamar minti 20, ba ɗanyen ƙwai ba, ba manja ba, ba man goge baki ba. Akwai ma wata allura mai araha, tiranekzamik, wadda aka gwada bisa masu rauni fiye da 20,000 a ƙasashe 40 har da asibitocin Nijeriya, aka fitar da sakamakon: tana rage mutuwar zubar jini in an yi ta cikin sa'a 3 na farko, bayan haka ba ta da amfani. Sa'a 3 ɗin nan kuwa mu a ina muke kashe su? A taruwa ana kallo ana ɗaukar hoto da waya, a neman motar da za ta yarda, a tsoron kada wanda ya kai mai rauni ya zama shi ne abin tuhuma, a jiran kuɗin kati, a neman ɗan'uwan da zai ba da jini. Ku sani, ku kuma sanar, Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 a sashe na 20 ta hana kowane asibiti ƙin karɓar mai neman taimakon gaggawa, dokar 2017 kuma ta wajabta yi wa wanda aka harba magani ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba. Lambar kiran Hukumar Kiyaye Haɗurra 122 ce, ta gaggawa ta ƙasa 112.

Wani zai ce, malam, kwana ne ya ƙare. Lalle kwana ya ƙare, ba mai musun wannan. Amma littattafan da ke cikin gafakarku ba su tsaya nan ba. Risala, a babin hukuncin jini, ta ɗora lamunin abin da dabba ta taka bisa mai kora ta da mai janta da mahayinta, ta kuma ware abin da ya auku ba da aikin kowa ba. Malaman Malikiyya sun yi magana bisa mai haƙa rijiya inda ba a yarje masa ba, da mai katangar da ta karkata aka gargaɗe shi yana da ikon gyarawa bai gyara ba. Kisan kuskure yana da diyya yana da kaffara. Duk wannan ba ya yiwuwa sai an tambaya: me ya kashe shi, wa ya sa sababin? Fikihu ya riga likitoci wajen rarraba mutuwar rauni bisa sabubanta. Darajar da ake fata ga wanda ruwa ya ci ko gini ya danne tasa ce, ba ta sauke nauyi daga wuyan wanda ya yi lodin ko ya rage siminti. Labarin Sayyidina Umar da ya juya daga hanyar Sham saboda annoba, da amsar da ya ba Abu Ubaida, kowane almajiri ya san su, ba sai mun maimaita ba. Shi ne kuma ya kafa diwani, aka rubuta mutane da sunayensu da kabilunsu, don abin da ba a rubuta ba ba a iya raba masa haƙƙi.

Turawa ma ta wurin masu binne gawa suka fara wannan ilmi, ba ta wurin likitoci ba. A birnin Landan, tun farkon ƙarni na 17, magatakardan kowace majami'a yakan rubuta waɗanda aka binne a unguwarsa da abin da ya kashe su, a tara a buga kowane mako. Wani ɗan kasuwa mai sayar da kayan ɗinki, John Graunt, ya tattara takardun shekaru masu yawa ya yi musu hisabi, ya fitar da littafi a 1662. Cikin abin da ya gano har da wannan: annoba tana hawa tana sauka, amma rabon waɗanda ruwa ke ci da waɗanda haɗari ke kashewa kusan ɗaya yake kowace shekara. Abin da kowane gida ke gani kamar tsautsayin da ya faɗo masa shi kaɗai, ashe a lissafin gari kaso ne tsayayye. Abin da ke da kaso tsayayye kuwa yana da sababi tsayayye, ana iya nemansa.

To, a ƙasarmu wa ke ganin kowace gawa? Likita ba ya ganin ko rabi. Ɗan sanda ba ya gani, ma'aikacin ƙidaya ba ya gani. Amma babu Musulmin da ake kaiwa kushewa ba a yi masa wanka da salla ba, kuma mai sallar ya iya rubutu, ko da ajami ko da boko. Maƙwabtanmu Kirista ma ba su binne nasu sai da limaminsu. Saboda haka abin da muke kira gare shi shi ne kowane limamin unguwa da na ƙauye ya ajiye littafi guda na jana'iza, ya sa almajiri mai kyan hannu ya riƙe shi. Ba a jinkirta binnewa dominsa, bayan an dawo daga maƙabarta ake rubutawa. A sa rana da wata, namiji ko mace, shekarunsa ko da kimantawa ne, sa'an nan ciwo ne ko haihuwa ko rauni. In rauni ne a faɗi irinsa, da wurin da ya auku da sunan da mutanen gari suka san wurin, da lokacin, dare ko rana, da inda ran ya fita: nan take, ko a hanya, ko a asibiti, ko a gida bayan kwana kaza. Layin nan na ƙarshe kada a raina shi, shi ne zai nuna ko gyaran hanya gari ke bukata ko motar ɗaukar mai rauni.

A kuma rubuta abin da ya kashe shi da gaske tare da abin da ya faro musibar, gama ba kullum suke zama ɗaya ba. Ranar 27 ga Janairu 2002 rumbun makamai ya fashe a barikin Ikeja a Ikko, fiye da mutum 1,000 suka mutu, amma mafi yawansu ba bom ne ya taɓa su ba, ruwan wani magudani ne da suka faɗa cikinsa suna gudu. Wanda ya rubuta bom kaɗai ya ɓoye magudanin.

Mun san za a yi tsoro, don mutanenmu sun daɗe suna haɗa rubuta suna da haraji ko da kiran hukuma. Maganin wannan shi ne sunaye su zauna a masallaci, adadi kaɗai ya fita. Duk wata uku liman ya ba mai unguwa jimla, mai unguwa ya kai wa dagaci da hakimi, a kai kwafi ofishin Hukumar Ƙidaya na ƙaramar hukuma, a kuma riƙa tura magada su karɓi takardar mutuwa ta hukuma, gama littafin masallaci ba ya maye gurbinta. In an yi shekara guda ana haka, hakimin da zai je gaban gwamna neman gada ko shinge ko rigunan ruwa zai je da takarda mai cewa kwanar kaza ta ci mutum kaza, mashigin kaza ya ci kaza, a wata kaza. Limaman gundumar kuma in sun haɗa littattafansu za su san wane mako ne ya kamata huɗuba ta taɓa lodin jirgi, wane ne na garwashi.

Saura baƙo. Garuruwan da ke bakin manyan hanyoyi sun san shi, matafiyin da mota ta zubar, ba takarda a aljihunsa, wayarsa ta fashe ko ta ɓace, mutanen gari suka yi masa sutura don Allah. Shi ma a ba shi layinsa. A rubuta kamanninsa, da tsagen fuskarsa in yana da shi, da launin rigarsa, da lambar motar, da inda ta fito da inda ta nufa in an sani, da daidai wurin da kabarinsa yake a maƙabarta. Abin da aka samu a jikinsa a ƙulle shi a ajiye wurin liman tare da lambar layin, gama danginsa sukan biyo hanya suna tambaya tasha tasha, wani lokaci bayan wata shida.

Wasalam.